Turancin Da Ban Koyar Ba

Assalamu alaikum Yaya,

Da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Ni lafiya lau, kada ka damu. Aikin gidan tsofaffi yana nan, bakina ne kawai ya mutu. Ni da na yi shekaru ina koyar da Turanci, ɗalibai na tafa mini in na saki manyan kalmomi, nan ƙasar Turawa ba mai kallonsu. Ƙanana suke haɗawa bibbiyu, "put up", "put off", "put away", kowacce da ma'anarta, ba ruwanta da 'yar'uwarta. In haddace su a bas, da na shiga ɗaki su gudu. Wallahi abin da haushi.

Akwai wata tsohuwa da nake yi wa wanka. Jiya tana ta roƙona wani abu har da hawaye, ni ina tsaye da tawul kamar gunki, sai da wata ma'aikaciya ta zo ta ɗaga mata filo. Shi ke nan fa abin da take so! Shugabarmu ta gani, ta ce za mu zauna ranar Litinin. Ban san me zan ce mata ba.

Don Allah kada Inna ta ji. Har yanzu tana gaya wa maƙwabta 'yarta ta fi Turawa Turanci.

Guda ɗaya ce ta zauna mini daram: "look after", wato kula da mutum. Kullum ina yi wa iyayen wasu. Yaya, ka yi wa tamu, ni hannuna bai kai ba.

Ƙanwarka.