Ranar da Za a Kashe Kofur

Auta,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kana kuma cin abinci a zaune ba a tsaye ba.

Mu nan ga yadda muke. Yayarka lafiya lau, sai dai cikin ya tsufa, ƙafafu sun fara kumbura. Mijinta yana fama da mura ya ƙi shan magani. Kawunka haƙorin nan ya sake tashi. Ni lafiyata ƙalau in ban da gwiwa, ita kuma mun saba. Kyanwa ta haihu a cikin akwatin kayan kafintancin babanku, ban kore ta ba. Babanku na bari ƙarshe don shi ne dalilin takardar.

Jikin da sauƙi. Hannun hagu bai dawo ba, amma yana riƙe cokali da dama, kuma ana gane maganarsa in an yi haƙuri. Kunnen ne ya ƙara toshewa. In ka kira waya sai ya riƙa juya ta yana cewa babu kowa a ciki. Ni ma wayar ba ta ishe ni ba, kafin in tuna abin da zan faɗa ka ce ana kiranka. Takarda kuwa ba ta katse ni. In ka ga harafi ya karkace ka yi haƙuri, malamar ajin manya ta ce hannuna ya fara kyau.

Abin da likita ya faɗa kan ƙwaƙwalwarsa gaskiya ne. Tun ciwon shanyewar ɓarin jikin nan ba ya raba abin da ke cikin talabijin da abin da ke tsakar ɗaki. In mai karanta labarai ya yi sallama sai ya amsa, har ya ce in kawo wa baƙo ruwa.

To ranar Talata da yamma aka fara fim ɗin 'yan sandan nan, sai ga ka ka shigo ofishin Sufeto da kaki, ɗauke da fayil, ka yi tuntuɓe da kwandon shara. Ni na yi dariya har na ƙware. Babanku bai yi ba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wannan ba Auta ba ne?" Na ce shi ne. Ya ce, "Ya samu aiki?" Auta, bakina ya ce e kafin kaina ya yi tunani.

Ka san shekarun da ya yi yana cewa tsayawa gaban mutane kana ba su dariya ba sana'a ba ce. Ka san bai taɓa zuwa kallonka ba. Yanzu duk wanda ya shigo dubiya sai ya ji labarin "ɗana Kofur". Mai gyaran famfo ya ji sau uku. Duk Talata sai na sa masa rigarsa mai kyau kafin a kunna. In Sufeto ya daka maka tsawa sai ya nuna shi da cokali ya ce, "Yaron yana ƙoƙari, ka bi shi a hankali." Ya ba ni saƙo biyu: ka riƙa duba gabanka, kuma ka sa a gyara ƙafar teburin maigidanka, tana rawa.

Abin da ke hana ni sukuni shi ne ƙaryar da na yi masa. In gaya masa wasa ne, ko in bar shi da farin cikinsa? Ka ba ni shawara, kai ka jawo.

Allah ya yi maka albarka.
Ummarka

*

Umma ta gidanmu,

Wa alaikumus salam. Na gaishe ki, na gai da Baba, da Yaya da kayanta, da Kawu da haƙorinsa. A gai da mai jego ta cikin akwati, a ce ina barka.

Hannunki ya fi na Darakta kyau nesa ba kusa ba. Shi in ya rubuta mana umarni sai mun taru mu uku muna canka.

Na karanta takardarki a ɗakin kwalliya. Da na zo wurin "Ya samu aiki?" sai da mai kwalliya ta sake shafa min hoda, tana mita wai ina ɓata mata aiki. Na ce mata ƙura ce ta shiga idona. Ta ce ƙurar daga gida take, ta gani a ambulan.

Kar ki gaya masa komai, Umma. Ai ba ki yi ƙarya ba, aiki ne. An ɗauke ni ne don jama'a su ɗan sha iska tsakanin gawa da gawa. Ni ne mai ɗauko fayil, ni ne mai zubar da shayi, ni ne mai kamo wanda bai yi laifi ba. A dandamali ni kaɗai nake surutu har a gaji, a nan kuwa layi biyu nake samu, ɗaya "To, yallaɓai" ne. Amma ban taɓa samun mai kallo irin Baba ba. Ki gaya masa na sa takarda a ƙarƙashin ƙafar teburin. Sauran sai ya zo da kansa.

Yanzu ki zauna, akwai magana. A kashi na tara za a kashe ni, a cikin fim ɗin nake nufi. Marubucin ya ce mutane sun fara son Kofur, don haka in ya mutu zai yi musu zafi. Wai yabo ne. A wannan sana'ar in an yabe ka harbi ke biyo baya.

Ranar ki kashe talabijin kawai, ki ce wuta aka ɗauke. Mako na zagayowa zai manta.

Ki huta da gwiwar nan. Ɗanki,
Kofur Auta

*

Auta,

Bayan gaisuwa. Kowa yana nan yadda na faɗa maka, sai ni da ka kusa kaiwa asibiti.

Ka san da yatsa nake karatu, kalma bayan kalma. "Za a kashe ni" ita ce ƙarshen shafin. "A cikin fim ɗin" tana bayan takarda. Ban juya ba. Na zauna a ƙasan kicin ina salati, albasa tana ƙonewa, sai da yayarka ta shigo ta karɓa ta juya min. Nan gaba in za ka mutu ka mutu a tsakiyar shafi.

Dabararka na gwada ta a Talatar da ta wuce don in gani. Na sa masa riga, na ce an ɗauke wuta. Ya ɗaga kai ya kalli fanka tana juyawa, ya kalle ni. Na kashe fankar. Ina juya baya ya dafa bango zai tashi shi kaɗai, wai zai je gidan maƙwabta ya ga ɗansa. Da ƙyar na tare shi a bakin ƙofa. Dole na kunna. Yana manta ko ya ci abinci, amma ba ya manta Talata.

Na kuma saɓa maka, na gwada gaya masa gaskiya. Na ce wasa ne ake shiryawa. Ya ce, "Kaki ba wasa ba ne," ya juya min baya. Washegari ya manta na faɗa.

Na tambayi likita. Ya ce jininsa ba ya son firgita, wanda ya faɗi sau ɗaya ana gudun na biyu. Auta, in mutumin nan ya ga an harbe ka, a wurinsa an harbe ka ne. Ka je wurin Daraktan nan ka gaishe shi da kyau, ka ce uwarka tana roƙon arziki. Me zai hana a yi wa Kofur canjin wurin aiki? Ana yi wa 'yan sanda kullum. In ya ƙi, ka zo ranar ka zauna kusa da babanku ya riƙe ka da hannunsa.

Kai dama tun kana ƙarami gwanin mutuwar ƙarya ne. Ka tuna in an ce ka share garin katako a shago, sai ka miƙe a kan benci ka ɗauke numfashi? Babanku ya zo ya tsaya a kanka ya ce, "Allah sarki, Auta ya rasu. Amma fa gawar gaskiya babban yatsanta na ƙafa yana motsi." Sai yatsan ya fara motsi. Ya ce tashi ka ɗauki tsintsiya, makiri. Abin da ba ka sani ba, daga nan bayan katakai yake zagayawa ya yi dariya har da hawaye, don kar ka gani ka lalace. Ni na sha kama shi.

Ban san me ya sa na rubuta wannan ba. Tsoro ne yake sa ni surutu.

Ummarka

*

Umma,

Na gaishe ki. Ki yafe min shafin nan, na duba wannan sau biyu, babu mutuwa a ƙarshen shafi.

Na je wurin Darakta. Na gaishe shi har ƙasa yadda kika ce. Ya saurare ni, ya ce Allah ya ba Baba lafiya, amma an riga an ɗauki harbin, kuma duk sauran labarin a kan mutuwar Kofur ya tsaya. Na roƙi a sake ni in zo gida, nan ma babu hali. Kofur zai riƙa fitowa a mafarkin Sufeto har kashi na ƙarshe, kuma a makon ake ɗauka, a wani wuri mai nisa. Kin ji aikin, ko ka mutu ba a sallame ka ba.

Labarin bayan katakai ban san shi ba. Na karanta shi ya fi a ƙirga.

Jiya aka ɗauki wurin da aka kai gawar Kofur asibiti. Na kwanta a kan teburin ƙarfe mai sanyi, an lulluɓe ni da farin ƙyalle, ƙafafuna a waje, Sufeto yana tsaye a kaina. A nan na yi wani ɗan abu. Darakta ya gani ya yi faɗa, aka sake. Na sake yi, amma ƙarami. Ya ce in na ƙara zai samo gawar da ta fi ni tarbiyya. Na samu mai haɗa hotunan a keɓe, na ba shi labarin Baba. Bai yi min alkawari ba, ya dai ce shi ma yana da tsoho a gida. Don haka ban sani ba ko za a bar shi ko za a yanke.

Ga roƙona. Ki goge masa tabarau, ki matso da kujerarsa gaban talabijin sosai. Yaya ta zauna kusa da maganinsa. In an yi harbin kar ki kashe, nan ne wurin da za ki so kashewa. Ki riƙe hannunsa har a kai asibitin. In babu komai a wurin, ki kira ni nan take, zan bar aikin in taho ko me za a yi min.

Ni ma tsoron nake ji, Umma.

Auta

*

Auta,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya. Har da babanku. Na sa wannan a layin farko don kar in rama abin da ka yi min.

Da aka harbe ka ya yi wani sauti da ban taɓa ji ba. Hannunsa ya yi sanyi a cikin nawa. Sai aka sako tallar sabulu. Ban taɓa tsanar sabulu irin ranar ba. Yana ta kiran sunanka a hankali, yayarka tana kuka tana cewa in kashe, ni kuma yatsana yana kan maɓallin. Ban san abin da ya riƙe ni ba.

Aka dawo, ga ka a kwance an lulluɓe, Sufeto ya cire hula yana share ido. Ni ban ga komai ba, hawaye sun rufe ni. Sai na ji babanku ya saki hannuna. Ya sunkuya har tabaransa ya kusa taɓa gilashin talabijin. Ya ce, "Ke, dubi yatsan." Ya sake cewa, "Dubi yatsan makirin." Sannan ya fara dariya, da rabin bakin da ke aiki, a gabanmu, babu katakon da zai ɓuya a baya. Ya yi har da tari, sai da muka ba shi ruwa. Yana nuna Sufeto yana cewa, "Ya ruɗe shi. Babban mutum, ya sa shi kuka." Da ya lafa ya jingina, ya ce, "Ya iya." Na ce me ya iya? Ya ce, "Abin nasa. Ya iya."

Yayarka ta auna jininsa, bai hau ba. Ya cinye abincinsa har ya nemi ƙari. Ka gode wa mai haɗa hotunan, ka ce ina gai da tsohonsa.

Yau da safe ya ba ni saƙo. Ya ce ka tashi haka nan, an gane ka, shara tana jiranka a shago. Ban gaya masa an daɗe da rufe shagon ba. Tsintsiyar dai tana nan.

Ka rubuto min ranar da za ka zo, amsar ta iso kafin Talata. Zai sa rigarsa mai kyau ya zauna, kuma ina so in san abin da zan ce masa yake jira.

Allah ya kawo ka lafiya.
Ummarka