Lanƙwasar da Ta Zubar da Ruwan Paiko

Fadikpe, Minna,
9 ga Oktoba, 1991.

Zuwa ga Yayana Mika'ilu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa mai kewar yayanta, da fatan takardar nan za ta iske ka cikin ƙoshin lafiya a can Indiya. Allah ya buɗa maka karatu, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya dawo mana da kai lafiya. Mu nan sai godiya. Gwiwar Inna ta yi sauƙi, har ta koma zuwa kasuwa da ƙafarta. Azumi ta sauka lafiya, namiji, an raɗa masa Abdulsalami, kuma Inna ta dage wai kunnuwanka ya ɗauko.

Yaya, akwai maganar da na daɗe ina juyawa kafin na ɗauki biro. Ta shafi ƙaramin harshen kwamfutar nan da kai da Malam Shekwolo kuka ƙirƙira saboda ɗalibanmu, wanda nake koyarwa da shi tun tafiyarka. Ka tuna gardamarku kan alamar juya abu daga wani iri zuwa wani, wato mayar da rubutu lamba ko lamba rubutu. Kai ka ce lanƙwasar nan ~ ita kaɗai ta isa, na'ura ta gane da kanta irin da ake nufi, don kada a wahalar da masu koyo. Shi kuwa ya so a rubuta kalma a fili. Ka yi rinjaye, kuka rabu rai ba daɗi, har yau babu wanda ya rubuta wa wani.

To, muna da wata ɗaliba, Alisabatu Yona, 'yar manomi daga Paiko, ita ce ta farko a gidansu da ta kai wannan matsayi. Damina biyu ta yi tana auna ruwan sama a gonar mahaifinta don aikin kammala karatu. Da ta shigar da awon, ta sa lanƙwasa ta mayar da shi lamba, sai na'ura ta ɗauka cikakkiyar lamba ake so, ta watsar da duk abin da ke bayan ɗigo ba tare da ta ce uffan ba. Ranar da aka yi yayyafin 0.9, sifili ta rubuta. A gaban malamin da ya zo jarrabawa daga waje, jimlar na'ura ta saɓa da ta littafinta, ya ce ƙago alƙaluman ta yi, sai ta maimaita shekara. Yarinyar nan ta kasa ko kuka. Mahaifinta yana waje gindin mangwaro, ya shigo motar safe don ya taya ta murna.

Malam Shekwolo ya karɓi takardun, ya duba, ya miƙe ya ce laifin ba nata ba ne, na harshen ne da na wanda ya ƙirƙire shi, wato shi. Bai ambaci sunanka ba ko sau ɗaya. Ya roƙi mako guda don a gyara harshen, aka ba shi. Mun gwada baka biyu a madadin lanƙwasar, ɗalibai suka rikita su da na lissafi. Mun gwada kibiya, suka karanta ta a matsayin alamar fifiko. Na ce masa ga dama ta samu, ya sa kalmomin da ya so tun farko. Ya ce a'a, yara sun saba da lanƙwasarka, kuma kana da gaskiya game da gajarta. Sai muka ƙara mata harafi: ~c cikakkiyar lamba, ~d mai ɗigo, ~r rubutu. In an bar ta tsirara, na'ura ta ƙi aiki. Jimlar Alisabatu ta fito daidai da littafinta, ta ci.

Malam Shekwolo ya ce kada in faɗa maka, don kada in dagula maka karatu. Na saɓa masa. Kada ka zargi kanka, Yaya, sauƙi ka nema wa yara, kuma kowa ya shaida. Amma don Allah ka rubuta masa, ko layi uku ne. Duk lokacin da aka kawo wasiƙu ofis, sai ya tsaya har a gama rabawa.

Inna tana sa maka albarka. Kawu Garba, Azumi da maigidanta Maiwada, da Goggo Rabi'atu duk suna gaishe ka. Allah ya sada mu da alheri.

Taka ƙanwa,
Sharifa