Jini a Gonar Dabinon Baba

Madina, unguwar Sultana

Zuwa ga Goggo Tasallah,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida Baba Alhaji da duk mutanen gida a Kano. Yaya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi, ya ba ki tsawon rai mai albarka. Mu nan da sauƙi, alhamdu lillahi. Asama'u ta gama makaranta, Wafa kuma ta fara rarrafe. Na so in kira ki a waya, amma duk lokacin da na ɗauka sai kuka ya ci ƙarfina, shi ya sa na rubuto, na ba maƙwabciyarmu da za ta zo Kano ta kawo miki hannu da hannu.

Goggo, abu ya faru tsakanin 'ya'yan yayanki, Yaya Lurwanu da ƙanenmu Hamid, kuma a gonar Baba ta Al-Awali ya faru, a kan idona. Kin san tun rasuwar Baba ba su jitu a kan gonar nan ba. Yaya Lurwanu yana son a bar dabinon yadda Baba ya dasa shi, shi ke ba shi ruwa, shi ke hawa. Hamid kuwa so yake a sare ɓangaren gabas a gina wurin hutawa da ake haya don biki, irin wanda maƙwabta suka yi. An yi zama, an kira dattawa, kowa ya tashi da ransa a ɓace, aka bar maganar haka nan.

To, a bana matan unguwarmu suka shirya yawon ganin lambuna, tunda lokacin nunar dabino ne, ɗanyen nan mai laushi da kike so. Aka yi hayar bas, muka fita bayan la'asar da rana ta ɗan yi sanyi, ko da yake iskar ma kamar daga bakin tanda take fitowa. Mijina Abdulmajid ne ya raka mu. Mun fara da lambun gwamnati, inda yara suka yi ta gudu a kan ciyawa suna bin ruwan da ke tartsatsi. Daga nan muka shiga lambun wata tsohuwa mai shuka na'ana'a da wardi a bayan katanga, ta cika mana hannu da ganye, bas ɗin duk ya ɗauki ƙamshi. Gonar Baba ce ta ƙarshe. Ni na roƙi Yaya Lurwanu ya buɗe mana ita, don ina son ƙawayena su ga abin da ubanmu ya bari.

Ya karɓe mu da murna, Goggo. Ya share hanyoyin ruwa, ya shimfiɗa darduma a ƙarƙashin rumfa, ya ɗora gahawa. Ya ɗaura igiya a ƙugu ya hau wata bishiya da laujensa, yana yanko nonon dabino yana sauko mana da shi, mata suna ta sa albarka. Muna cikin haka muka ji ƙarar inji daga gabas. Da farko na zaci famfon rijiya ne. Sai muka ga kan wata doguwar bishiya yana rawa, ya karkata, ya zo ƙasa da wata irin ƙara har ƙasa ta girgiza. Ganyenta ya doki gefen rumfar, butar gahawa ta kife, ƙaya ta yanki wata mata a kafaɗa. Mata suka watse suna salati, kowace tana jan ɗanta.

Hamid ne. Ya shigo ta ƙofar baya da ma'aikata da zarto mai inji. Daga baya ya ce wai ya zaɓi ranar ne da gangan, don ya tabbata Yaya ba zai yi rigima a gaban baƙi ba. Bai san yayansa ba. Ban ga saukowar Yaya Lurwanu ba, kawai na gan shi yana gudu ba takalmi, igiyar tana jan ƙasa a bayansa, laujen yana hannunsa. Na bi shi ina kiran sunansa. Ya tarar an kafa zarton a gindin bishiya ta biyu, ya ture mai yankan, ya ce wa Hamid ya fitar masa da mutanen nan tun kafin ya yi abin da zai yi nadama. Hamid ya ce shi ma ɗan Baba ne, rabonsa yake sarewa, in Yaya ya isa ya hana shi.

Hamid ne ya fara duka, wannan zan faɗa ko a gaban alƙali. Ya ɗauki guntun bututun ƙarfe ya maka wa Yaya a haƙarƙari, na ji ƙarar a cikin cikina. Yaya ya durƙusa, ya miƙe, ya kai hannu. Ban yi zaton ya tuna da abin da ke hannun ba. Laujen ya kama Hamid daga goshi ya ratsa ido ya sauko kumatu. Hamid ya faɗi cikin hanyar ruwa, ruwan ya koma ja yana gangarawa gindin dabino. Ko a haka ba su rabu ba, Goggo. Hamid ya riƙo ƙafar Yaya ya kayar da shi, suka yi ta birgima a cikin laka da ƙaya, suna shaƙe juna kamar ba ciki ɗaya suka fito ba. Abdulmajid ya shiga tsakani ya kama laujen ta bakinsa, ya tsage masa tafin hannu har sai da aka yi ɗinki. Ni na cire mayafina na danne fuskar Hamid, jinin yana ɓulɓulowa ta tsakanin yatsuna, yana kiran Inna da ta daɗe a kabari.

Sai a lokacin Yaya ya dawo hayyacinsa. Ya zauna a cikin lakar yana kallon hannuwansa, bai gudu ba har 'yan sanda suka zo suka tafi da shi. Motar asibiti ta ɗauki Hamid. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, amma idon hagu ya tafi. Yaya kuma yana tsare da karyayyen haƙarƙari. An gaya mana in Hamid ya yafe haƙƙinsa a gaban hukuma, al'amarin zai yi sauƙi sosai.

Na je na durƙusa a gaban gadon Hamid na roƙe shi. Ya ce zai yafe, amma sai Yaya ya zo ya tsaya a gabansa, an cire bandejin, ya kalli fuskar da kyau. Na ɗauki wannan na kai wa Yaya ina murna. Sai ya sunkuyar da kai ya ce in gaya wa Hamid ya riƙe yafiyarsa. Ya ce shi ya goya yaron nan a bayansa, gara ya tsufa a kurkuku da ya kalli abin da hannunsa ya yi.

A nan muka tsaya, Goggo. Ke kaɗai kika rage mana a dangin Baba, kuma ba wanda zai iya ce miki a'a a cikinsu. Ki zo, don Allah. Abdulmajid zai shirya miki tafiyar umara, kuma hukuma ta ce in Yaya ya yarda za a kawo shi asibitin. Ba sai kin yi doguwar magana ba, ki kama hannun Yaya kawai ki shiga da shi ɗakin da Hamid yake kwance.

Ki gaishe da Baba Alhaji, da Badaru da iyalinsa, da Khalilu. Asama'u tana gaishe ki. Ki sa mu a addu'a.

'Yarki,
Shafa'atu