Murfin Garwar Mama

Belfast, watan Yuni

Zuwa ga ƙanwata Concepta,

Ina gaishe ki gaisuwar 'yar'uwa da ta daɗe ba ta ga fuskarki ba, ina kuma roƙon Ubangiji ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki Eamon da yara da jikoki. Allah ya ƙara miki sauƙin ƙugun nan da aka yi wa aiki. Ranar da aka shiga da ke na kunna miki kyandir a coci, na sa Fada ya ambace ki a addu'a, ko da yake sunan gidanmu na ba shi, ba na mijinki ba, don shi tsofaffin unguwa suka sani. Mu nan da godiya. Ƙafa ce ta ƙi, kunne kuwa kin san tun a masaƙa na baro shi. Dympna maƙwabciyata, 'yar Rosaleen mai soya kifi, ita ce take rubuta mini, na kuwa ce mata ta sa yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki. Shagon uwarta yanzu gidan caca ne. Ɗakin shan magani na kan kwana an rufe shi, sai mu hau bas biyu kafin a auna mana jini. Katangar da ta raba unguwarmu da ta mabiya ɗaya cocin kuwa tana nan, an ma ƙara mata tsawo tun zuwanki na ƙarshe, har baƙi ake kawowa a tasi su yi rubutu a jikinta su ɗauki hoto.

Za ki ce me ya hana ni kiran waya. Ba na ji ne, Cepta, kuma na san ki, a waya kina iya ce mini a'a kafin in kai ƙarshen magana. Takarda kuwa sai kin karanta ta sau biyu. Maganar Fintan ce, jikana, ɗan 'yata marigayiya Bronagh, wanda kika aiko wa da jar rigar sanyi yana jariri. Yanzu ya fi ƙofar kicin ɗina tsawo. Tun rasuwar uwarsa yana wurina. Da yana zuwa ɗakin koyon dambe na bayan coci, sai aka ce babu kuɗin biyan mai koyarwa, aka sa kwaɗo. Ya nemi aiki har ya gaji, da sun ga sunan layinmu a takarda sai su ce za su kira shi. Daga nan sai zaman bakin katanga da abokai, sai ƙwaya, sai ɗaukar motar mutane a yi ta gudu da ita ana ihu. Watan jiya ya ɗauki wata ya buga ta a ƙofar katanga. Bai ji ciwo ba, bai kuma taka kowa ba. Ashe motar ƙanwar ɗaya daga cikin yaran ce.

Har yanzu yaran muke ce wa 'yan bindigar unguwarmu, ko da yake manyansu duk sun yi furfura da tumbi. An ce an yi sulhu, an ajiye bindiga, mun gani a talabijin har muka yi kuka. To, su dai ba su ji labari ba. Ɗayansu ya ƙwanƙwasa mini ƙofa da rana tsaka, ya cire hula, ya ce da ni Mama Mena kamar ni na yi masa wankan jarirai. Wai in kawo Fintan lungun bayan tsohon gidan wanki ranar Alhamis bayan shayin yamma, za a harbe shi a ƙafa, magana ta wuce. Wai in muka zo da kanmu za a yi masa da sauƙi. Ya ma tambaye ni ya ƙafata, kin ji.

Sai na sa rigar zuwa coci na tafi ofishin Malachy Tohill. Kin tuna shi, ɗan Sadie mai yawan majina, wanda muka ɓoye a rumbun gawayinmu lokacin da sojoji suke nemansa, Mama tana miƙa masa burodi ta ƙasan ƙofa. Yanzu kansila ne, fuskarsa tana kan kowane turken fitila. Ya tashi ya rungume ni, ya sa aka kawo mini shayi da biskit. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni sai ya rufe ƙofa. Ya ce waɗannan ba mutanensa ba ne, sun ɓalle tuntuni, ba sa jin maganarsa. Na ce to 'yan sanda fa. Ya ce ai na san abin da ake rubutawa a bangon gidan wanda ya kira su, wato maci amana, shi kuma ba zai ba ni shawarar da za ta sa a fasa mini tagogi ba. Abin da zai iya, in ji shi, shi ne ya aika a roƙa a harbi tsoka, a bar ƙashin gwiwa. Kuma in sa wa yaron gajeren wando, don kada ƙyalle ya shiga cikin rauni, in kira motar asibiti tun kafin mu fita daga gida. Ya faɗe shi a hankali, Cepta, kamar likita yana gaya mini yadda zan sha magani.

Na ce masa Malachy, ɗan Sadie, ashe burodin uwata da ka ci na koyon ɗinkin wando ne. Na ce shekara nawa muna sa maka alama a takardar zaɓe, matattunmu ma da za a bar su da sun tashi sun sa maka, me ka kawo wa layinmu in ba tuta ba. Ya ce London ce ta yanke kuɗi. Na ce su kuma mutanen London in an tambaye su sai su ce ku ne kuka ƙi zama a majalisa kuna rigima a kan wace tuta za a rataya a kan wane gini. Na ce kai da na ƙetaren katanga kuna zagin juna a talabijin, in an kashe fitila ku tafi ku ci abinci a tebur ɗaya, kowa ya koma gidansa mai lambu can bayan gari inda babu katanga. Ku ne kuke buƙatar ta, don ranar da muka daina tsoron na can sai mu juyo mu tambaye ku ina ɗakin damben yara. Bai yi fushi ba, wannan ne ya fi ba ni haushi. Ya raka ni har bakin ƙofa yana cewa har yanzu bakina yana nan da kaifi, in ɗauki sauran biskit ɗin in kai gida.

Ki yi mini uzuri da abin da zan faɗa. Na sayi wandon. Na tsaya a shago a kan hanya na zaɓi baƙi, na zo gida na wanke, na goge, na ajiye masa a kan gado. Haka Teresa ta layin baya ta yi wa nata, haka wasu da yawa, kowa ya sani ba mai faɗa. Fintan ya ɗaga shi ya duba, ya ce Kaka, ko a wannan ma sai da kika nemo mai arha. Ya yi dariya, ya shiga bayi, na ga ƙofar ta daɗe a rufe. Da ya fito fuskarsa fara fat, ya ce in daina damuwa, zai je, ai abokinsa ma an yi masa kuma yana tafiya.

Ranar Alhamis na shiga rumbun gawayi neman tsohuwar sandar Baba, don na ce zai buƙace ta. Can bayan tarkace sai ga murfin garwar sharar Mama, na ƙarfen nan, duk ya yi tsatsa. Kin tuna yadda muke durƙusawa a bakin titi mu yi ta buga shi a ƙasa in motar soja ta shigo, mata tun daga kan layi har ƙarshensa, ƙarar tana tafiya unguwa zuwa unguwa har kowane ɗan uwa ya samu ya tsallake ta baya. Mama da ɗankwalinta da silifa, ke kina kuka kin toshe kunne. Na tsaya riƙe da shi ina tunani, wai mu da muka fasa gwiwoyinmu a kan titin nan don kada baƙo ya taɓa 'ya'yanmu, yau mu ne muke goge musu wando mu kai su da hannunmu. Na koma ciki na ce wa Fintan ba inda za mu.

Da lokaci ya wuce sai ga 'yan bindigar su biyu, rana ba ta ma faɗi ba, yara suna wasa a titi. Na fita na durƙusa a bakin ƙofa na fara bugawa. Na buga har haƙorana suna kaɗawa. Na ga labule yana motsi a kowace taga, amma ƙofa ba ta buɗe ba, sai ta Dympna, ta fito da tukunya da ludayi. Sai tsoho Packy da ya ruɗe, ya turo kekensa na guragu yana ihu wai sojoji sun shigo, a ɓoye samari. Mu uku ke nan, a layin da ya taɓa fitar da mata fiye da ɗari. Abin da ya kore su ba mu ba ne, 'yan matan da suka ɗaga wayoyi suna ɗaukar hoto ne. Babban ya sunkuyo daidai fuskata don in ga bakinsa, ya ce tsohuwa, kin ƙara masa ne kawai, yanzu babu maganar tsoka. Suka tafi. Ni kuwa na kasa tashi, sai da Fintan ya ɗauke ni cak kamar buhun dankali.

Ba a jima ba sai ga Myrtle da keken cefanenta. Myrtle ta ƙetaren katanga, 'yar ɗaya cocin, wadda muka yi aiki a inji ɗaya a masaƙa, muka koyi karanta leɓen juna saboda ƙara. Bayan gidanta yana jingine da katangar ta can, nawa ta nan, amma sai a cikin gari muke haɗuwa mu sha shayi ranar fansho. Tun da aka gina katangar ba ta taɓa taka layinmu ba. Ta ce ita kurma ce amma wannan ƙarar ko a kabari za ta gane ta, shekaru ta yi tana tsine mana saboda ita, wa ya mutu. Da na ba ta labari sai ta zauna. Ta ce nata jikan, Kyle, yaran wajensu sun yi masa bara, yanzu da sanda yake tafiya, kuma masu kawo wa Kyle ƙwaya su ne masu kawo wa namu, a wannan sana'ar kaɗai ne ba a tambayar cocin mutum. Nata kansilan ma shawarar wando ya ba ta. Sai ta dubi Fintan sama da ƙasa ta ce, kai dogo, cire wannan koriyar rigar ƙwallon ta mutanenku, tura gicciyen wuyanka cikin safa, ɗauki kekena, daga yau sunanka Trevor, irin sunan mutanenmu, ɗan ƙanena daga ƙauye, in kuma ka kuskura ka yi alamar gicciye a kan abincina ni zan karya maka ƙafar da kaina. Suka wuce kafin mai gadi ya rufe ƙofar katanga.

Yana can har yau, a wurin da ba mai tunanin nemansa. Ta ce ya yi mata fentin shinge, ya daina rawar hannu, yana cin abinci kamar doki. Amma Yuli, watan bikinsu, ya matso, Cepta, ina jin gangunansu a ƙirjina ko da kunne bai ji ba. Samarin layinsu suna bi gida gida suna tara katakon babbar wutar bikinsu, har sun fara tambaya me ya sa Trevor ba ya fitowa, kuma a wace makaranta ya yi, don makaranta ce take nuna cocin mutum. Ɗan Myrtle ya ce mata ta fitar da shi kafin a gane, in ba haka ba gidanta ne zai zama katakon. Ba zan bari a ƙone ta saboda ni ba. Nan kuma ba zai dawo ba.

To, abin da nake roƙo ke nan. Ki karɓe shi. Yana da fasfo, Dympna ta ce za ta sa shi a jirgi, ɗanki Declan kuma na ji yana ɗaukar masu taya shi rufin gidaje. Ba zan ce miki waliyyi ba ne. Yana ƙarya in ya ji tsoro, yana barci har rana ta take, kuma sai an sa ido a kan akwatin magani. Amma shi ne yake yanke mini farcen ƙafa tun da na daina iya sunkuyawa, bai taɓa yamutsa fuska ba. Ni aka cire daga makaranta ban iya haɗa baƙi ba, aka kai ni masaƙa, ke kika yi karatu kika samu hanyar Kanada, kuma ban taɓa goranta miki ba, don daɗi na ji da ɗayanmu ta fita. Ina so ne wani nawa ma ya ga garin da ba a tambayar mutum sunan makarantarsa kafin a gaishe shi. Na san in ya tafi ba zan sake ganinsa ba. Na yarda.

Ki gaishe mini da Eamon, ki ce masa ban manta da rawar da ya taka mini ƙafa a bikinku ba. Ki gaida Declan da matarsa, da Orla da 'yan biyunta. Dympna tana gaishe ki, lambar wayarta tana ƙasa, ita za ki kira, ni kuma zan tsaya in kalli bakinta. Ba sai kin yi dogon bayani ba. Murfin ya lotse, hannuna kuma ba zai sake ɗaga shi ba. Wandon yana cikin durowa, a goge. Dympna ta ce in jefar da shi, na ce mata sai na ji daga Cepta.

Allah ya tsare ku, Maryamu ta yi mana roƙo.

Yayarki,
Philomena
Ga alamar hannuna: +