Wuƙar da Ban Wanke Ba

Zuwa gare ka, Malam,

Assalamu alaikum. Na san takarda ba ta shiga kabari, amma in ban faɗa ba cikina zai fashe.

Yau kwana tara da aka kai ka makwanci, kuma ƙannenka sun haukace. Wai Inna Laure maƙwabciyarmu ce ta sa maka guba a furar da ta aiko ranar da ciwon ya kama ka. Jiya suka ɓalle ƙofarta, suka farfasa mata tukwane, ƙanenka Sale ya kwaɗa mata taɓarya a kafaɗa har ƙashi ya karye. Tsohuwar da ta yi min wankan jego! Ina zaune kan tabarmar takaba ina jin ihunta ta katanga, ban ce uffan ba. Yanzu ta gudu Garo wurin 'yarta. Sun rantse in ta sake taka garinmu Lakwaya sai sun banka wa ɗakinta wuta.

Ba furarta ba ce, Malam. Ai ni ma na sha.

Ka tuna akuyar nan mai zawo? Ka ce a yi maza a yanka kafin ta zama mushe. Ni na gyara kayan cikin. Kana ta daka min tsawa yunwa kake ji, ga randa ba ko ɗigo. Sai na goge wuƙar a gefen zanena, na yanka tumatir da albasa a kan tiren da na gyara kayan cikin, jini da ƙazantar hanji ba su ko bushe ba, na haɗa maka kwaɗon zogale. Hannuna bai ga sabulu ba. Kai kaɗai ka ci.

Kwana uku kana amai da gudawa, kana birgima a ƙasa, ka hana a kai ka asibitin Gwarzo, wai jiƙo ya isa. Ina fushi da kai! Da ka bari an binne akuyar nan, tsiya za mu yi? Amma haushin kaina ya fi ci na. Guga ɗaya daga rijiya, me zai rage min?

Na aika a kira min ƙannenka gobe, tare da mai unguwa. Zan faɗa musu komai da bakina. In duka ne, ga bayana. Gara su karya ni da baiwar Allahn nan ta mutu a garin wasu da sunan mai guba.

Allah ya jiƙanka. Ka yafe min in za ka iya.

Matarka,
Rabi