Ta tura ni gaba, ita ta tsaya nesa tana harbi

Assalamu alaikum Admin da 'yan gida. Don Allah ku ba ni shawara, kuma kafin Litinin nake so, don ranar zan koma gaban manaja. Wanda zai ce mace mai shekara arba'in da ɗaya me ya kai ta buga gem a waya, ya riƙe wa'azinsa, na sha shi a gida har na haddace.

Ina aiki a wani kamfanin robobi a Sharaɗa, shekara tara ke nan, a ɓangaren da mata muke tsintar tsofaffin leda da roba muna wankewa kafin a kai injin narkarwa. Ban yi boko ina yarinya ba, sai da na haifi 'ya'ya huɗu sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci a nan Ɗorayi. Ranar da na fara rubuta sunana a takardar aiki maimakon dangwala yatsa, sai da na shiga banɗaki na yi kuka. Tun daga nan duk inda aka ce a sa hannu ni ce ta farko, kuma suna uku nake jerawa, har da na kakana.

Akwai wata da muke aiki tare, zan kira ta Asabe, 'yar Zawaciki ce, na girme ta da wajen shekara goma, Yaya take ce min, kwano ɗaya muke cin abinci. Ita ta saka min gem ɗin a waya, ta ce zai ƙara min karatun Turanci, kuma ba ta yi ƙarya ba. Irin wanda kowa zai zaɓi jaruminsa ne, a haɗu ta intanet a shiga kogo a yaƙi dodanni. Mu biyar muka yi ƙungiya, duk 'yan ɓangarenmu, muna bugawa a hutun azahar da kuma ranar Lahadi. Asabe mai kwari da baka take ɗauka, kuma ta iya. Ta san daidai inda hannun dodo yake kaiwa, sai ta tsaya taku ɗaya bayan wurin, ko ta haye kan dutse, tana sakin kibiya. In ya juyo kanta ta ja da baya tana harbi, sai a gama yaƙi ko ƙwarzane babu a jikinta. Amma wannan dabarar ba ta yiwuwa sai da wanda zai tsaya a gaba ya riƙe hankalin dodon yana shan duka. Ni ce wannan. Ita da kanta ta zaɓar min mai garkuwa, ta ce Yaya wannan ne daidai ke, tunda ba kya tsoron uban kowa. In an gama, allo yana nuna wanda ya fi yi wa dodo illa, kullum sunanta ne a sama nawa a can ƙasa, wallahi ban taɓa damuwa ba. Kowaccensu da sunan bogi take shiga, ni kaɗai ce da ainihin sunana, suka yi ta min dariya, na ce sunan da na sha wuya kafin na iya rubuta shi ba zan musanya shi da Gimbiyar Wuta ba.

To ana nan sai babbar fankar da take zuƙe hayaƙin injin narkarwa ta lalace, hayaƙin ya koma yana shigowa ɓangarenmu. Wata uku muna shaƙa. Kowa tari, wata dattijuwa a cikinmu, Iya Talatu, in ta yi kaki baƙi ƙirin yake fita. Mun gaya wa sufabaiza ya fi a ƙirga, kullum za a duba. Asabe ce ta kawo shawarar mu rubuta wa manaja takarda, kuma a wurin hira na cikin gem ɗin ta kawo ta, ta ce a nan ba mai ganinmu, don guruf ɗin wurin aiki akwai ƙanwar sufabaiza a ciki. Ita ta tsara komai, har da cewa in ba a gyara ba za mu kai ƙara hukuma. Ta ce Yaya ke za ki rubuta ki sa hannu a gaba, mu muna bayanki kamar kullum. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Sau uku na sake rubutawa don kada a ga gogewa. Na sa hannu a ƙasan shafin farko, su huɗun suka sa a shafi na biyu, Iya Talatu da wasu dattijai suka dangwala. Da idona na ga an haɗa shafukan da sitefula. Asabe ta karɓa, ta ce ita za ta kai tunda suna mutunci da sakatariyar manaja.

Ranar Talata aka kira ni ofis. Manaja ya ajiye takardar a kan tebur, shafi ɗaya tal, sunana uku ɓaro-ɓaro a ƙasa, a kusurwar sama kuma ga 'yan ramuka biyu inda aka ciro ƙarfen sitefula. Ya ce ni ce mai kai kamfani ƙara? Na ce ranka ya daɗe ni na rubuta, kuma hayaƙin ba ƙarya ba ne, ka zo ka zauna awa ɗaya ka gani. Ya ce ya san ba ni kaɗai ba ce, macen da jiya-jiya ta koyi ABCD ba za ta san maganar hukuma ba. Wannan ta fi komai yi min zafi. Ya dakatar da ni, ya ce Litinin in zo da sunan wanda ya zuga ni in koma aikina, in kuwa na zo hannu rabbana to na zo karɓar takardar sallama ne.

Na jira Asabe a bakin get wajen mai awara. Ba ta ma musa ba. Ta ce matan ne suka tsorata, wasu suka roƙe ta ta cire shafinsu, ita kuma ta duba ta ga in aka kore mu duka wa zai roƙar wa wani. Wai ai ko a gem na sani, in mai garkuwa ta faɗi na baya ne suke tashin ta, don haka dole na baya su rayu. Ta ce in yi shiru za ta bi ta wajen sakatariya a hankali. Na ce mata Asabe a gem in na mutu rabin minti ne na miƙe, nan kuwa tuwon 'ya'yana ne, kuma a gem ina shiga gaba ne da sanina, me ya hana ki faɗa min kin cire shafin in zaɓa da kaina? Sai ta ce ta san in ta faɗa min zan yi masifa. Eh da na yi, kuma da na kai takardar duk da haka, abin da ba ta gane ba ke nan. Na je har gida na tambayi Iya Talatu, ta rantse ita ba ta roƙi kowa ba, ba ta ma san an cire ba.

Ranar Alhamis aka gyara fankar. Yanzu kowa yana numfashi, ni ina gida ina kallon bango. An ce min mata har tafa wa Asabe suka yi, wai ita ce mai dabara. Sunanta a sama ke nan, kamar kullum. Jiya kuma ba kunya ta turo min gayyata a gem, wai Yaya ki shigo mana, tun da kika tafi ba mai tare mana dodo.

Ga inda nake neman ku. Na ɗauki hoton duk hirar da muka yi a gem ɗin, maganar Asabe tana nan ɗaya bayan ɗaya, kuma sunan boginta da Zawaciki a jiki, ba wanda zai kasa gane ta. Maigidana ya ce in kai wa manaja duka in huta, wanda ya sayar da ke ba kya rufa masa asiri. Amma sauran ukun suna cikin hirar, ɗaya mijinta ya rasu bara. Zan iya yanke hoton ya zama Asabe kaɗai, na iya, shi ma ita ta koya min. Sai dai in na yi haka na ba wa mutumin da ya ce ba ni da kan da zan rubuta takarda abin da yake so, na tabbatar masa zuga ni aka yi, kuma gobe fanka ta sake lalacewa ba macen da za ta ƙara buɗe baki a wurin nan. In kuma na yi shiru, shekara tara ta tafi, kuma ku faɗa min kamfanin da zai ɗauki mace mai shekaruna da satifiket ɗin yaƙi da jahilci.

To 'yan gida, in miƙa hoton Asabe in koma aikina, ko in je Litinin in ce ni kaɗai ce, in sha dukan har ƙarshe? Kada wanda ya ce min in yi haƙuri kawai, haƙurin da wanne daga ciki za a yi shi?

Admin don Allah a ɓoye sunana. Tun da na iya rubuta shi, yau ne karo na farko da na roƙi haka, kuma ɓoye sunan Asabe ce ta koya min.