Albarushin Turawa Ba Na Adaka Ba Ne

Woolwich, London
12 ga Nuwamba, 1976

Zuwa ga Kawu Hambali,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya Inna Yelwa da ciwon ƙafarta? Yaya su Karimatu? Ni lafiya lau, karatu na tafiya. Sanyin ma da sauƙi, sai dai da safe ba na iya riƙe biro sai na ɗumama yatsuna a jikin butar shayi.

Saƙonka ya iso, cewa in bai wa Alhaji Nata'ala albarushin Turawa ya taho maka da shi in zai dawo gida. Kawu, ka yi haƙuri, ba zan aiko ba.

Baturen da nake haya a gidansa tsohon maharbin barewa ne, da kansa yake ɗura harsasansa. Ranar Asabar na zauna ina kallonsa. Kowace bindiga da irin albarushinta, kuma a ɗan sikeli yake aunawa kamar mai sayar da zinariya. In ya ɗara ko kaɗan, sai ya juye ya sake. Ni kuwa da rawar kaina na ce, "Ai kawuna da tafin hannu yake awo, in ɓauna ce ya ƙara rabi." Mutumin nan sai da ya cire tabarau ya dafe kai! Ya ce albarushinsu ba ya hayaƙi, amma in aka ɗura shi a bindigar adaka irin taka, bututun ne zai tarwatse a hannun mai ita.

Don haka Alhaji zai kawo maka tocilar goshi da takalmin daji. Na san za ka yi faɗa, yi abinka. Ni dai ranar da na sauka Kano, ina so in kama hannunka in ƙirga yatsu biyar cif.

Allah ya ƙara lafiya.

Ɗanka,
Almu